Kofi Mai Karyayyen Hannu

Hoton ƙirjin ya fito tar a babban allo, har ana iya ganin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Manaja ya danna na gaba, ya dawo baya, ya sake dannawa da sauri-sauri, yadda ya ce likitoci suke yi idan layi ya yi tsawo. Sai allon ya yi fari fat. Manhajar ta mutu.

Fankar sama ce kawai take ta surutunta.

Auta ta gyara zaman tabarau a hancinta, alhali bai karkace ba. Ita ce ƙarama a gidansu, ita ce kuma ta ƙarshen zuwa wannan ofis mai tebur huɗu, shi ya sa sunan ya biyo ta har wurin aiki. Manhajar ta wani ƙaramin asibiti ce, aikinta nuna wa likita hotunan ƙashi da na ƙirji. A da sai mutum ya danna hoto ya tafi ya dafa shayi ya dawo kafin ya buɗe. Auta ce ta rubuta ɓangaren da ke ajiye hotunan kusa, a ƙwaƙwalwar kwamfuta, don su riƙa fitowa nan take. Ta raɗa masa suna rumbu. Shi ne abu na farko da ta rubuta da hannunta tun daga tushe har aka yarda ya shiga aikin gaske, kuma shi ne yake kashe manhajar, ba kullum ba, sai ranar da ya ga dama.

"Auta," in ji Manaja, cikin muryar nan tasa mai taushi da ta fi tsawa ban tsoro. "Na san kin sha wahala a kan rumbun nan. Amma Likita za ta zo bayan la'asar, kuma ba zan nuna mata abin da zai suma a gabanta ba. Ita ce mai farfaɗo da masu suma, ba mu ba. In azahar ta wuce ba a gano matsalar ba, Dogo zai cire rumbun mu koma tsohuwar hanya."

"To, Yallaɓai."

Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin, kuma sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun teburinsa.

Ta koma wurinta. Teburinta bango yake kallo, ta kuma jera littattafai a kansa har sun zama wani bangon na biyu. Ta buɗe babban fayil ta zura masa ido, ba ta taɓa komai ba. Ba ta ma da ikon taɓawa. A ofishin nan akwai wani shuɗin kofi mai karyayyen hannu da ke zaune a kan wata 'yar kantar ajiye kaya kusa da taga, kuma doka ce babu mai canza ko da ɗigo a babban fayil sai kofin yana kan teburinsa. Duk abin da aka rubuta ba kofi, zubarwa ake yi, ba a ko tattaunawa. An ce Manaja da kansa ya taɓa zubar da aikin wuni guda saboda dokar, ya kuma yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa da kyau.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, dabarar rumbun ba ta da wuya. Kowane hoto yana da ɗan lissafinsa na masu riƙe da shi. Wanda ya buɗe, a ƙara ɗaya. Wanda ya gama, a rage ɗaya. In lissafin ya koma sifili, babu mai buƙatarsa ke nan, sai a fitar da shi a share wurin. Ta san cewa ba hannu ɗaya ke aiki a cikin manhajar ba, hannuwa ne da yawa a lokaci guda, waɗanda masu sana'ar ke kira zare. Don haka tun farko ta yi ƙarin da ragin ta hanyar da zare biyu ba za su taɓa haɗa hannu a kan lamba ɗaya su ruɗa ta ba. Ta karanta babin a littafi har gefen shafin ya yi baƙi. Lissafin bai taɓa yin kuskure ba. To me yake sa wani zare ya miƙa hannu ya tarar da hoton da yake riƙe da shi ya ɓace?

Wayarta ta yi gurnani a kan tebur. Kaka. Ta katse. Ta sake kira. Ta katse, duk da cewa katse wa Kaka waya ba ƙaramin laifi ba ne. A karo na uku ta ɗauka ta fita baranda.

"Ƙawata," in ji Kaka, "wane laifi na yi muku a gidan nan da za a yanke mini hukunci ba a kai ni gaban alƙali ba?"

"Kaka, ina tsakiyar aiki. Lafiya?"

"Lafiya lau, in dai ɗan kurkuku yana cewa lafiya. Yayarki ta danna mini kwaɗo ta waje ta tafi makarantarta. Na kira ta, ta kashe waya, tana can tana koya wa 'ya'yan mutane hankali."

"Ba ki fita wurin tela ba?"

"Na fita mana. Na kai bakin titi na tuna na bar yadin a kan gado."

Auta ta jingina da ƙarfen baranda. A gidansu ba a kiran sunaye kafin a kulle ƙofa. Takalma ake dubawa. Kowa a bakin ƙofa yake cire nasa, don haka wanda zai fita sai ya kalli tabarmar takalma: in ya ga babu na kowa, shi ne na ƙarshe, ya danna kwaɗo.

"Amma Yaya ba ta taɓa fita ba ta duba takalma ba."

"Ta duba. Ai da na dawo ina jin motsinta a ɗaki tana neman makulli, kin san jakarta kamar kasuwa. Na cire takalmana na wuce bayi. Ina ciki na ji ƙarar kwaɗo."

"Wato ta duba ta ga babu takalmin kowa, sannan ta shiga ɗaki ɗauko makulli."

"Abin da na faɗa ke nan."

"Ke kuma a tsakanin nan kika shigo. Da ta fito ba ta sake kallo ba, tunda ta riga ta duba."

"Ke 'yar nan, labarin nawa kike maimaita mini?"

Auta ba ta ji ta ba. Wani abu ya taso mata tun daga tafin ƙafa, kamar ta taka wayar lantarki mai daɗi. Lissafin takalman daidai ne. Lokacin da Yaya ta duba, sifili ne da gaske. Ba lissafin ne ya yi ƙarya ba, tsufa ya yi a ɗan tsakanin nan, tsakanin gani da kullewa. Zare na farko ya rage ɗaya, ya ga sifili, ya juya zai share hoton. Kafin ya share, zare na biyu ya leƙa rumbu, ya ga hoton yana nan, ya ƙara ɗaya ya riƙe. Na farko ya dawo ya share abinsa, tunda ya riga ya duba.

Dariya ta kuɓuce mata.

"Au, dariya ma na ba ki?"

"Kaka, Allah ya bar mana ke. Wallahi ba ki san abin da kika yi mini ba."

"Na san abin da aka yi mini dai. Ba ɗayan makullin yana jakarki ba?"

"Yana nan. Ina zuwa yanzun nan, bari in ɗan rubuta wani abu. Akwai abinci a kicin, ki kunna rediyo."

Ta shigo ofis tana taka ƙasa kamar ba ta da nauyi. Dogo ba ya wurinsa, ya sauka yin alwala. Ta kalli kantar: kofin yana nan zaune, rana tana haska gefensa. Babu mai riƙe da shi. Kantar tana can ƙarshen ɗaki, teburinta kuwa ga shi nan a gabanta, layukan kuma sun riga sun jeru a ƙwaƙwalwarta suna turereniya, tana tsoron kada ɗaya ya zube a hanya. Ta ce a ranta bari ta fara zuba su a allo tukuna.

Maganin makulli ne guda ɗaya na rumbun gaba ɗaya. Zaren da zai leƙa rumbu ya ɗauki hoto, sai ya karɓi makullin, ya nemo, ya ƙara ɗaya, sannan ya saki. Zaren da ya ga sifili shi ma sai ya karɓi makullin nan, ya sake duba lissafin yana riƙe da shi, in har yanzu sifili ne ya fitar da hoton, in wani ya riga shi ya haƙura. Dubawa da kullewa a numfashi ɗaya, ba ɗan tsakanin da wata kaka za ta shigo. Tana ta sauri har sai da ta yi ta goge haruffan da suka shigo ba gayyata. Aka kira salla, ta je ta yi ta dawo, ba ta tuna ko ta gaisa da kowa a hanya ba. Ta gwada a kwamfutarta. Ta danna hotuna gaba da baya kamar mai kaɗa ganga. Ta rubuta wani ɗan gwaji da ke sakin zaruruwa da yawa su yi ta wawar hoto ɗaya. Rumbun ko gezau.

Ta tura gyaran zuwa ma'ajiyar da ke haɗa aikin kowa a babban fayil, ta miƙe har kujerarta ta bugi bango.

"Yallaɓai, na gano shi."

Muryarta ta fita da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Manaja ya ɗago. Dogo ma ya juyo da sauri, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai Manaja ya riga shi da cewa a sa a babban allo a gani.

Hoton ƙirjin ya fito. Na gaba. Baya. Na gaba, na gaba, baya. Auta ta damƙe gefen mayafinta. Allon bai yi fari ba. Amma da Manaja ya sake dannawa, hoton bai motsa ba. Ya danna. Ya jijjiga linzamin kwamfutar. Haƙarƙarin suka tsaya suna kallonsu.

"Ɗazu suma take yi," in ji Manaja. "Yanzu kuma ta sandare. Ci gaba ne ko ci baya?"

"A wurina ta yi aiki, Yallaɓai. Wallahi ta yi."

"A wurina ma ta yi," in ji Dogo a hankali.

Sai a lokacin ta kalli teburinsa. Shuɗin kofin yana zaune kusa da gwiwar hannunsa.

Dogo ya jawo kujera gaban babban allo, ya leƙa cikin manhajar da ta sandare don ya ga inda kowane zare ya tsaya. Bai daɗe ba ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Zo ki ga ikon Allah, ƙanwata. Wannan zaren ya riƙe makullin rumbu, yana jiran makullin hoto. Wancan ya riƙe makullin hoto, yana jiran na rumbu. Kowa ya ce sai ɗan'uwansa ya saki. Haka za su zauna har a tashi duniya."

"Babu wani makullin hoto a rumbuna."

"Akwai, tun bayan da na dawo daga alwala. Ni na sa shi." Ya sosa ƙeya. "An ce in cire rumbun in azahar ta wuce. Na ɗauki kofi da niyyar cirewa, da na buɗe na ga yadda aka tsara shi, sai hannuna ya ƙi. Na ce bari in gwada ɗaure kowane hoto da makullinsa, ko Allah zai sa a dace. Ba layi ɗaya muka taɓa ba, shi ya sa ma'ajiyar ta haɗiye duka biyun ba ta yi tari ba."

Manaja ya juyo gare ta. "Kofin fa?"

"Na duba, Yallaɓai. Yana kan kantar."

"Kin duba."

"Na duba na ga babu kowa, sai na…"

Ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige ta kuma ja ta ta rufe.

"Kin san doka," in ji Manaja. "Naki za a zubar. Dogo, naka shi kaɗai zai riƙe mu?"

Dogo ya miƙe. Ya ɗauko alƙalamin farin allo ya miƙa mata. "Kafin a zubar, nuna mini abin da kika gani. Ni toshe-toshe kawai na yi, ban ga ramin da idona ba."

Ta karɓa. Ta yi niyyar zana akwatuna da kibiyoyi irin na littafi, sai ta tsinci kanta tana zana ƙofa, da tabarma, da takalmi ɗaya mai kama da kifi. Ta fara da in-ina. Da ta kai wurin da Yaya ta shiga ɗaki neman makulli, in-inar ta tafi. Ta manta da Manaja, ta manta da kunya, tana zana Kaka tana shigowa, tana buga allon da alƙalami a daidai ɗan tsakanin nan, tana cewa nan ne, nan ne duk abin yake, bai kai ƙiftawar ido ba amma mutum guda yana iya shigewa ta ciki. Mayafinta ya zame kafaɗa ɗaya ba ta sani ba.

Dogo ya daɗe yana kallon takalmin mai kama da kifi.

"Nawa ba zai riƙe ba, Yallaɓai," ya ce. "Makullina a jikin hoton yake. Zare zai iya ganin hoton a rumbu, kafin ya kai hannu ga makullin an share hoton da makullin gaba ɗaya. Na rataya kwaɗo ne a ƙofar da ake shirin cirewa. Yau zai yi aiki, gobe ya yi, ranar da Likita ta tara baƙi ya kunyata mu."

"To nata ba kofi, naka ba ƙarfi. Ga la'asar ta kusa. A cire rumbun ke nan."

"A zubar da duka biyun," in ji Dogo. Ya zauna ya goge nasa, ya goge nata, babban fayil ya koma yadda ya kwana. Sannan ya miƙe da duk tsawonsa, ya ɗauki kofin da yatsa biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ratsa ɗakin, ya ture wani littafi gefe, ya ajiye shi a teburin Auta. "Doka ta ce a zubar da abin da aka rubuta ba kofi. Ban ji inda ta ce kada a sake rubutawa ba."

Manaja ya kalli agogon bango, ya kalli kofin. "In aka kira la'asar ba ki gama ba, ni da kaina zan cire."

Ba ta buƙaci littafi ba. Layukan suna nan a yatsunta, kuma wannan karon sun fito a natse, har ta ga wani wuri da ɗazu ta riƙe makullin fiye da kima ta rage. Dogo ya tsaya a bayanta yana karantawa, bai ce komai ba sai sau ɗaya da ya nuna wata hanya da zare zai iya fita bai saki makulli ba in aka sami hoto lalatacce. Ta gyara. Suka saki zaruruwan gwaji a babban allo suka yi ta kokawa a kan hoto ɗaya, Manaja yana tsaye ya harɗe hannu, har ladan ya ɗaga murya. Babu abin da ya suma, babu abin da ya sandare.

Likita 'yar ƙaramar mace ce mai saurin hannu, ko zama ba ta yi ba. Ta karɓi linzamin ta yi ta watsa hotuna, ƙirji, gwiwa, ƙirji, tafin hannun wani yaro, baya, gaba, har Auta ta daina numfashi don kada iskarta ta taɓa wani abu. Can Likita ta tsaya a kan wata gwiwa, ta matso da fuskarta, ta manta da su gaba ɗaya tana kallon ƙashin.

"Wannan ya daɗe da karaya bai zo ba," ta ce da kanta. Sannan ta juyo. "Yana da sauri. Amma rubutun gefen nan ƙanana ne, ni ba yarinya ba ce."

Iyakar yabon ke nan. Da Manaja ya raka ta ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Rumbu ya zauna," ya wuce teburinsa.

Auta ta ji kamar ta yi tsalle ta taɓo fanka. Ta zauna, ta tashi, ta ɗauki kofin ta rungume shi a ƙirji tana murmushi ita kaɗai da bango. Tana tunanin wa za ta fara ba wa labari, sai wayarta ta yi gurnani.

"Ƙawata," in ji Kaka, muryarta a sanyaye kamar ruwan randa, "na ji labaran rana, na ji gaishe-gaishe, na ji wani likita yana bayanin ciwon ƙoda. Wannan 'yanzun nan' taki, ta bana ce ko ta baɗi?"

Ba ta san yadda ta kwashi kayanta ba, ba ta san yadda ta sauka daga bene ba. Ta tsinci kanta a cikin bas, a matse tsakanin wata mata mai kwandon kayan miya da taga da ba ta rufuwa, tana ta haɗa kalmomin ban haƙuri a ranta tana rushewa. Kwandasta ya miƙo hannu. Ta zuge jaka, ta ga makullin gida a saman littafi. A gefensa kuma, kwance a kan mayafin sallarta, ga shuɗin kofi mai karyayyen hannu.

Saƙon Dogo ya shigo kafin ta rufe baki. Ya ce Manaja yana so a ƙara girman rubutun kafin a tashi, ga su nan zaune su biyu suna kallon kantar da babu kofi. Ya ce a gaishe da Kaka.

Auta ta leƙa ta taga. Ofis yana baya, gida yana gaba, bas ɗin kuma ya riga ya hau gada. Ta biya kwandasta, ta zuge jakar a hankali, ta ɗora ta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Kaka ce ta fara jira.